Idan fitilar ɗan sanda ta haska bayanka: abin da tafinta ba ya iya faɗa maka a kotu

Shekara 11 ke nan ina aikin tafinta a kotunan Amurka, kafin nan kuma na yi shekara 6 ina jan tasi a birnin Niyok. Wata shari'ar a ɗakin kotu nake tsayawa, kafaɗata na gogar ta wanda ake tuhuma, wata kuma ta waya ake kirana daga jihar da ban taɓa takawa ba. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: bakina na aro ne. Abin da alƙali ya ce in juya shi Hausa, abin da mutumin ya ce in juya shi Turanci, ba ragi ba ƙari. Ko ina kallon ɗan'uwana zai zura ƙafa a rami, ba ni da damar ko ƙyafta masa ido. Sau da yawa nakan fito daga kotu magana cike da cikina. Ita zan zazzage a nan, kan laifin tuƙi cikin maye, tun da nan ba kotu ba ce. Ni ba lauya ba ne, kuma wannan rubutu ba zai tsaya maka a gaban alƙali ba. Abin da kunnena ya sha ji ne, bakina ya sha maimaitawa har ya zauna.

"Ai ni ba na sha"

Na san abin da yawancinmu za su ce da jin an ambaci tuƙi cikin maye: a'uzubillahi, me ya haɗa ni da wannan? Haka wani dattijo mutumin Damagaram ya ɗauka, mai jan tasin dare, wanda ko warin giya ba ya iya shaƙa. Sanyin Janairu ya sa masa mura, ga ciwon baya irin na mai kwana a kujerar mota. Ya kurɓi maganin murar dare, ya bi shi da ƙwayar tramadol da likita ya rubuta masa. Jikin kwalbar akwai gargaɗin kada a sha a yi tuƙi, da ƙananan haruffan da bai taɓa tsayawa ya karanta ba. Wajen ƙarfe 3 na dare motarsa ta fara cin layin wasu. Ɗan sanda ya tsayar da shi, ya tambaye shi ko ya sha wani abu. Jin an jingina masa barasa, ran Alhaji ya ɓaci, ya ce magani kawai ya sha, kala biyu ma, ga kwalaben nan. A zatonsa wanke kansa ya yi. Wannan maganar ita aka rubuta, ita aka karanta a kotu, ni kuma na juya masa ita da Hausa yana sauraron kalamansa sun dawo sun tsaya masa a wuya.

Dokar ba ruwanta da halas ko haram. Abin da take tambaya shi ne ko abin da ke jikinka ya rage maka iya tuƙi. A Niyok sashe na 1192 na dokar hanya ya haɗa barasa da ƙwayoyi, kuma hukuncin tuƙi da ƙwaya a ka daidai yake da na wanda ya bugu da giya. Takardar likita tana kare ka daga laifin mallakar ƙwayar, ba ta kare ka daga laifin tuƙi da ita. Maganin tari mai kodin, maganin barci, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, duk suna iya kai mutum inda suka kai Alhaji. Maganin mura na NyQuil na ruwa, na asali, kashi 10 cikin 100 nasa barasa ce. Listerine na kurkure baki ya haura kashi 20. Wiwi kuma, ko da yake Niyok ta halatta wa manya ita tun 2021, wanda ya busa ya kama sitiyari yana cikin laifi.

Don haka aikin farko ba a kan titi yake ba, a kantin magani yake. Duk maganin da aka miƙo maka, ka gaya wa mai haɗa maganin cewa tuƙi ne sana'arka, ka tambaye shi ko wannan zai sa ka gyangyaɗi. Ba a biyan ko sisi kan tambayar.

Jihar da aka tsayar da kai ita ke da kai

Mu da muka zo daga Najeriya ko Nijar ko Gana mun saba doka ɗaya ta tuƙi ta game ƙasa. A nan ba haka ba ne. Jihohi 50, kowace da dokarta, da sunan da take kiran laifin, da tsawon bulalarta. Kalifoniya na cewa DUI, Niyok da Teksas na cewa DWI, Ohayo OVI, Wiskonsin OWI. Gwamnatin tarayya ba ta rubuta wa jihohi wannan doka, sai dai ta riƙe musu wuya da kuɗin gina hanyoyi. Da wannan dabara aka mayar da shekarun sayen barasa 21 a 1984 zamanin Reagan, da ita kuma Clinton ya sa hannu a shekarar 2000 kan a daidaita ma'auni a 0.08, har ya game ƙasa zuwa 2005. Ma'anar adadin: giram 0.08 na barasa a kowane mililita 100 na jini. Idan gwaji ya kai nan, ba a buƙatar a nuna kana tangaɗi. Adadin kansa shi ne laifin.

Kuskuren da na fi ji shi ne wai ƙasa da 0.08 mutum ya tsira. Jihar Yuta ta sauke nata zuwa 0.05 tun ranar 30 ga Disamba 2018. Niyok da Kolorado suna da ƙaramin mataki da ake kira DWAI, wanda ke kama mutum daga kusan 0.05. Dokar Arizona cewa ta yi ko ƙanƙanin rauni barasa ta jawo wa tuƙinka, ya isa. Wanda bai kai shekara 21 ba, a ko'ina ma'auninsa bai wuce 0.02 ba, wasu jihohin ma sifili ne.

Bari in jera uku kusa da juna ka ga nisan da ke tsakaninsu, duk a karon farko, ba haɗari ba rauni. A Wiskonsin ba a ma lissafa shi cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kai: tarar dala 150 zuwa 300 da wasu kuɗaɗen kotu, sai a karɓe lasisi wata 6 zuwa 9. A Niyok laifi ne da ke shiga kundin mutum: tarar dala 500 zuwa 1,000, alƙali na da ikon ɗaure ka har shekara 1, lasisi ya tafi aƙalla wata 6. Idan gwajin ya kai 0.18, tara ta koma 1,000 zuwa 2,500, lasisi shekara guda. A Arizona kuwa kwana 10 ne a gidan yari, ko da yake ana iya ɗage 9 idan ka yi abin da kotu ta gindaya, ga kuɗi da ba su gaza dala 1,250 ba. A 0.15 kwanakin su zama 30, a 0.20 su zama 45. Mutum ɗaya, kwalba ɗaya, hukunci uku. Teksas tana tsakani a wajen ɗauri, kwana 3 zuwa 180, da tara har dala 2,000, amma akwai wata tarar jiha ta dala 3,000 da ake ɗorawa daga baya wadda mutane ba sa jin labarinta sai ta sauko.

Yaro a mota yana juya komai. A watan Oktoba 2009 wata yarinya mai shekara 11, Leandra Rosado, ta rasu a kan titin Henry Hudson a Niyok, a motar mahaifiyar ƙawarta da ta sha. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa doka da sunanta: wanda ya yi tuƙi a buge da yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa a mota, babban laifi ne tun karon farko, ɗauri har shekara 4. Teksas ma haka take da yaron da bai kai 15 ba, ɗauri har shekara 2 da tara har dala 10,000. Maimaitawa ma haka: Niyok da Kalifoniya suna waiwayar shekara 10 su ga ko ka taɓa yi, Masacusets kuwa ba ta mantuwa har abada.

Kada ka ce zafin ya yi yawa. A 2022 kaɗai mutum sama da 13,000 suka mutu a haɗurran da barasa ke ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen hanya a ƙasar. Da yawa daga cikin dokokin nan iyayen da suka binne 'ya'yansu ne suka matsa aka yi su, tun daga Candy Lightner da ta kafa MADD, ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, a 1980 bayan wani direba a buge ya kashe 'yarta mai shekara 13. Alƙalin da za ka tsaya a gabansa ya ga hotunan gawarwaki kafin ya ga fuskarka.

Abin yi a nan mai sauƙi ne. Ɗauki takarda ka rubuta jihar da ta ba ka lasisi, jihar da kake aiki, da waɗanda kake ratsawa. Wanda ke zaune a Bronx ta Niyok yana kai fasinja filin jirgin Newark da ke jihar New Jersey, jihohi biyu yake yi wa aiki. Shiga shafin hukumar lasisi na kowace, wadda galibi ake kira DMV, ka nemi abu huɗu: ma'auni, hukuncin karon farko, hukuncin ƙin gwaji, da kwanakin da ake ba mutum ya nemi a saurare shi kan lasisinsa. Kuma ka cire wa ranka cewa laifin da aka yi a wata jiha can zai tsaya. Akwai rumbun tarayya da jihohi ke zuba sunayen waɗanda aka karɓe wa lasisi, kowace tana leƙawa kafin ta ba ka sabo.

'Yan'uwana masu jan tirela, naku ya fi na kowa tsauri, kuma shi na tarayya ne. Ma'auninku 0.04 ne idan kuna kan babbar mota. Ba a yarda ka sha ba cikin awa 4 kafin ka hau aiki, kuma ko ɗigo aka gano a numfashinka za a sauke ka na awa 24. Idan aka same ka da laifi, lasisin manyan motoci ya tafi shekara 1, ko da a ƙaramar motarka ta gida abin ya faru ranar hutunka. Idan kaya masu haɗari kake ɗauke da su, shekara 3. Karo na biyu, har ƙarshen rayuwa.

A bakin titi

Fitila ja da shuɗiya ta haska madubinka. Sa sigina, ka gangara dama a natse, ka tsaya inda ba haɗari. Kashe mota, sauke gilashi, kunna fitilar ciki idan dare ne, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Kada ka fito. Wannan na nanata shi domin tarbiyyarmu ce ke cutar mu a nan: a gida ladabi ne ka fito ka tari babba, a nan ɗan sanda na ganin ka buɗe ƙofa hannunsa zai tafi ƙugu. Kada ka fara laluben takardu kafin a tambaye ka, idan an tambaya ka faɗi inda suke kafin ka miƙa hannu. Maganar "a taimaka" da ɗan abin goro kuwa, ka bar ta a filin jirgin da ka taso. Tayin cin hanci babban laifi ne da ya fi wanda aka tsayar da kai a kansa, kuma galibi akwai kyamara a ƙirjinsa tana ɗauka.

Wani abu kuma da na sha gani a rahoton 'yan sanda: "ya ƙi haɗa ido, yana magana ƙasa-ƙasa, idonsa ja." Mu a wajenmu sunkuyar da kai kunya ce, jan ido kuma na wanda ya yi awa 12 a kan titi ne. A takardarsu alamun maye ne. Ɗaga kanka, ka yi magana a fili.

Lasisi, rajistar mota da inshora dole ne ka nuna. Idan ya ce ka fito, ka fito. Amma tambayoyin "daga ina kake, me ka sha, guda nawa" ba dole ba ne ka amsa su. Kada ka yi ƙarya, domin ƙarya wani ramin ce. Ka ce cikin ladabi ba za ka amsa tambaya ba sai da lauya. Mutane suna jira a karanta musu gargaɗin nan da suke ji a talabijin, na cewa kana da damar yin shiru da samun lauya, wanda ya samo asali daga shari'ar Miranda ta 1966. Wannan sai bayan an kama ka za a yi maka tambayoyi yake wajaba. Duk abin da ka faɗa a bakin titi kafin nan ya shiga littafi. Idan Turancinka bai nuna ba, ka faɗa da bakinka cewa ba ka fahimta sosai, kana buƙatar tafinta na Hausa, domin kyamara ta ji.

Sai wasan motsa jiki. Iri uku ne: ka bi alƙalami ko yatsa da ido ba tare da juya kai ba, ka yi taku 9 a kan layi diddige na taɓa yatsu ka juyo ka sake 9, sannan ka ɗaga ƙafa ɗaya kana ƙirga har kusan daƙiƙa 30. Ba ƙarfi ake aunawa ba, bin umarni ake aunawa. Wanda ya fara tafiya kafin a ce ya fara an rubuta masa ɗaya, wanda ya buɗe hannu don kada ya faɗi an rubuta masa biyu. Ka ga wanda bai ji umarnin da kyau ba ya faɗi tun bai taka ba. A yawancin jihohi wannan gwaji ba tilas ba ne. Idan kana da ciwon gwiwa, ciwon baya, ciwon suga ko matsalar ido, faɗi kafin a fara, ba bayan ka yi tuntuɓe ba.

Inda mutanenmu suka fi ruɗewa shi ne hura iska, domin na'urar biyu ce. Akwai ƙarama ta hannu da ake miƙo maka a bakin titi, akwai babba ta ofishin 'yan sanda bayan an kama ka. Hukuncin ƙin ta farko ya bambanta: a Kalifoniya wanda ya kai 21 kuma ba ya ƙarƙashin sharaɗin kotu yana iya ƙi, a Niyok ƙin ta laifin hanya ne da ake yanka wa tikiti. Ta biyun ce mai haƙori. Kowace jiha tana da dokar da ke cewa ranar da ka hau titinta da mota ka riga ka amince a gwada ka. Ka ƙi a Niyok, lasisi ya tafi aƙalla shekara 1 da tarar dala 500, kuma za a gaya wa kotu ka ƙi. Kalifoniya da Karolina ta Arewa shekara 1, Teksas kwana 180. Kotun Ƙoli ta yanke a 2016, a shari'ar Birchfield, cewa gwajin numfashi ba ya buƙatar takardar izinin alƙali amma ɗibar jini yana buƙata. Kada wannan ya ruɗe ka, samun izinin a waya cikin dare ba wuya yake musu ba.

Na yi wa wani saurayi ɗan Kumasi tafinta a zaman hukumar lasisi. Wani abokinsa a majalisa ya taɓa ce masa ko ana ha-maza ha-mata kada ya hura. Bai hura ba. A kotu lauyansa ya yi ƙoƙari aka sassauta tuhumar zuwa ƙaramin mataki, wanda da kwana 90 kawai zai rasa lasisi. Amma ƙin gwajin shari'arsa daban, ya ci shekara guda cur ba mota, shi da abincinsa ke kan taya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ra'ayina, kuma nawa ne ni kaɗai: idan ka san ba ka sha komai ba, ƙin hurawa a ofis wauta ce. Idan ka kurkure baki da abu mai barasa ko ka yi gyatsa, faɗa musu, domin ƙa'ida ce a zuba maka ido minti 15 zuwa 20 kafin gwajin. Idan kuwa ka sha, nemi a bar ka ka kira lauya, amma ka sani ba kowace jiha ke jiran lauyanka ba, kuma jan ƙafa ana iya rubuta shi a matsayin ƙi.

Shingen bincike na dare halal ne a dokar tarayya tun hukuncin 1990, amma wasu jihohi kamar Teksas, Mishigan da Wiskonsin ba sa kafa shi. Niyok na kafawa, musamman daren sabuwar shekara da hutun 4 ga Yuli.

Washegari: shari'a biyu, agogo biyu

Idan ka manta komai a rubutun nan, riƙe wannan. Daga daren da aka kama ka, shari'a biyu ke bin ka. Ɗaya a kotu, kan tara da ɗauri. Ɗaya a hukumar lasisi, kan izinin tuƙi. Ta biyun ba ta jiran ta farko, kuma agogonta gajere ne. A Kalifoniya kwana 10 gare ka ka nemi a saurare ka, a Teksas 15, a Jojiya 30. Ka bari suka wuce, lasisi ya tafi ba tare da kowa ya ji ta bakinka ba. A Niyok alƙali ne ke dakatar da lasisin tun zaman farko idan gwaji ya nuna 0.08, a Karolina ta Arewa kuma nan take ake karɓe shi na kwana 30. Takardar da ɗan sanda ya cusa maka a hannu da asuba, wadda ka dunƙule ka jefa aljihu, a jikinta wa'adin yake.

Abin da ke cinye mana kwanakin nan kunya ce. Wata baiwar Allah ta kira ni a waya, ba ta hanyar kotu ba, ta hanyar matata. Ɗanta ɗalibi ne a wata jiha, an kama shi. "Malam, don Allah a rufa mana asiri, ko babansa bai sani ba." Na ce, "Hajiya, yau kwana nawa?" Ta ce mako uku. Mako ukun nan sun tafi wajen kuka, da sadaka, da shawarar yadda za a ɓoye wa dangi. Addu'a tana da kyau, amma wa'adin ya riga ya wuce. Ba sai an yi shela a masallaci ba. Mutum ɗaya ya isa, lauya, kuma shi doka ta ɗaure bakinsa.

To, da ka dawo gida: haɗa duk takardun da aka ba ka wuri ɗaya ka ɗauki hotonsu. Zauna ka rubuta abin da ya faru tun ba ka manta ba, da Hausa ma ya yi, ƙarfe nawa, me ka ci, wane magani, me aka ce maka, me ka ce. Kada ka sa komai a Facebook ko zauren WhatsApp. Nemi lauyan da wannan ne aikinsa a jihar da aka kama ka, ba wanda ya yi maka takardun aure ba. Idan ba ka da hali kuma tuhumar tana iya kai ka gidan yari, kotu za ta ba ka lauya kyauta, amma ka tambaye shi ko zai je maka zaman hukumar lasisi, domin sau da yawa wannan ba ya cikin aikinsa. Ka nemi tafinta ko da kana ganin kana jin Turanci. Turancin fasinja daban, na kotu daban. Kada ka fashe ranar zama ko da ciwo kake, domin sammacin kamu ke biyo baya. Kuma kada ka tuƙa mota da lasisin da aka dakatar, wai nan da masallaci ne kawai. Na ga wanda wannan ya fi jefa shi cikin wahala fiye da laifin farko.

Kafin ka amsa kowane laifi, ko an ce maka sassauci ne, gaya wa lauyanka matsayin takardunka na zama. Tun shari'ar Padilla ta 2010 wajibi ne ya faɗa maka abin da amsawar za ta jawo wa zamanka a ƙasar. Mai bizar karatu ko ta ziyara, ma'aikatar harkokin waje tana iya soke bizarsa kan kamun kaɗai, tun ba a yanke hukunci ba, sai ya je gida hutu ya ga ba hanyar dawowa. Mai katin zama da ke shirin neman zama ɗan ƙasa, laifi biyu irin wannan cikin shekarun da ake dubawa suna sa a ɗauka ba shi da kyakkyawan hali, bisa wani hukunci na 2019. Idan ƙwaya ce a cikin maganar, ko yaro, ko rauni, abin ya fi haka muni. Kanada kuma tun Disamba 2018 ta mayar da shi babban laifi, tana iya mayar da kai daga bakin iyaka, abin da ke kashe wa mai tirela hanyar Toronto da Montreal.

Abin da ke biyo baya

Tarar da alƙali ya faɗa ita ce ƙaramar. A Niyok hukumar lasisi za ta bi ka dala 250 duk shekara har shekara 3. Za a ɗaura wa motarka na'urar da sai ka hura mata za ta tashi, kuma tana sake nema kana cikin tafiya, kai ke biyan kuɗin ɗaurawa da na wata-wata. Ga makarantar dole, ga kuɗin jan mota da ajiyarta, ga lauya. Inshora za ta yi tsalle ta daɗe ba ta sauko ba, jihohi da yawa kuma sai kamfanin ya aika musu takardar shaida mai suna SR-22, Fulorida da Bajiniya tasu FR-44 ce mai neman inshora mafi tsada. Ohayo na iya ba ka lambar mota rawaya mai jan rubutu da kowa ya san ma'anarta, Minesota tata da harafin W take farawa. Tenesi a 2022, Teksas a 2023, sun yi dokar da ke sa wanda ya kashe uba ko uwa a buge ya ɗauki ciyar da marayun. Da na fara jin wannan sai da diyya ta faɗo mini a rai.

Mai tasi kuma ya lura da wannan: lasisin wucin gadi da Niyok ke bayarwa don zuwa aiki da asibiti da kai yara makaranta ba ya aiki a kan tasi ko babbar mota. Hukumar tasi ta birnin tana iya dakatar da kai tun daga kamu. Uber da Lyft suna waiwayar shekara 7.

Yanzu ga wanda ke sha, don akwai, kuma ba wa'azi na zo yi ba, malamai na nan. Hanta ba ta sauri. Kusan 0.015 take ragewa a awa, kofi ko goro ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata gudu, sai dai su mayar da kai bugagge mai buɗaɗɗen ido. Wanda ya sha har ƙarfe 2 na dare yana iya haura ma'auni da ƙarfe 7 na safe a hanyar aiki. Kwanciya a mota ma ba mafaka ba ce: jihohi da dama suna kama wanda ke kujerar direba da makulli a hannu, ko injin na aiki don ɗumi, ko motar ba ta motsa ba. Ka bar motar, ka kira wani. Buɗaɗɗiyar kwalba kuma, ko ta fasinja ce ya manta, kusan duk jihohi sun hana ta zama inda hannun direba ke kaiwa. Lokacin da nake jan tasi, duk wanda na sauke daga mashaya sai na haska tocila ƙarƙashin kujera kafin in ɗauki na gaba, abin da na samu ya tafi but ko kwandon shara.

Shi kuwa Alhaji, shari'arsa ta ɗauki wata 7. Lauyan da kotu ta ba shi ya kawo takardun asibiti da shaidar shekarun da ya yi yana tuƙi ba tabo, aka sassauta masa zuwa abin da bai shiga kundin laifi ba. Watannin nan bai ja tasi ba, 'yan garinsu ne suka riƙa haɗa masa kuɗin haya duk Juma'a. Kwanakin baya na haɗu da shi a kantin magani a unguwarmu, ya tare layi, gilashi a kan hanci, yana juya kwalba a hannu. Ya hango ni ya ɗaga ta sama: "Malam tafinta, zo ka karanta mini wannan ƙaramin rubutun."